Darasin Kimiyya: Iskar da Ke Ƙarƙashin Ƙasa

Ku gyara zama, darasinmu na yau a ƙarƙashin ƙasa yake.

Kun san ramukan haƙar zinariya na dajin Birnin Gwari, kun kuma ji manya na hana shiga tsohon rami. To, ba ruftawa kaɗai ake tsoro ba. Akwai wata iska, kabon dayokzaid, irin wadda muke fitarwa in mun numfasa. Ba a ganinta, ba a jin warinta. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta kwanta a gindin rami kamar ruwa a ƙwarya. Shi ya sa masu haƙar rijiya kan zura fitila kafin su sauka. In ta mutu, ba a shiga.

Ku ji abin da ta yi a maƙwabciyarmu Kamaru. Ta daɗe tana taruwa a ƙasan Tafkin Nyos. Ran 21 ga Agusta, 1986, da dare, ta taso gaba ɗaya, ta gangara ƙauyuka, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi dubbai.

Wannan ba aikin mutum ba ne. Amma yanzu wasu kamfanoni da gangan suke tura wannan iska ƙasa, don rage ɗumamar duniya. Sai an sami dutse mai ƙofofi kamar soso ya riƙe ta, da wani mai tauri a kansa ya zama murfi. Duwatsun Birnin Gwari ba irin soson nan ba ne. A wurare irin su Neja Delta ake samunsa.

Haɗarin uku ne: iskar ta ɓulla ta tsohuwar rijiyar mai, ko matsinta ya tsaga murfin, ko ya motsa tsohuwar tsagar dutse ƙasa ta girgiza. A In Salah ta Aljeriya an fara turawa a 2004. Tauraron ɗan'adam ya nuna ƙasa na ɗan kumbura, aka ga alamun tsaga, sai aka tsaya a 2011. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka, in akuya ko ƙaninku ya faɗa rami, kada ku bi shi ciki. Ku ruga ku kira manya.

Tambayoyi:
1. Me ya sa iskar ke kwanciya a gindin rami?
2. Kawo haɗari biyu na binne ta.