Darasi: Kujerar Mota Ko Keken Jariri, Wanne Za Mu Saya?

Sa'ad da aka sayar da riɗi da zoɓo, kuɗi ya shigo hannu, maigidan da ake jiran haihuwa a gidansa yakan so ya saya wa jariri wani abu. A kantunan Kano akwai keken tura jariri, akwai kuma kujerar da ake ɗaure jariri a cikin mota. Dukansu suna da tsada. Bari mu duba su ɗaya ɗaya, mu auna su da hanyoyinmu na Gagarawa, da Gumel, da Maigatari, da Sule Tankarkar.

1. Keken jariri

An yi wannan keke domin daɓe da kwalta. Ƙasarmu kuwa rairayi ce. Ƙafafunsa ƙanana ne, suna nutsewa, ga ƙaya da ƙarangiya. Ba ya zuwa gona, ba ya zuwa rijiya. Goyo da zane da majanyi ya fi shi: jariri yana jin ɗumin uwarsa, ita kuma tana jin motsinsa, hannuwanta suna aiki. Sai dai a kula, wuyan sabon jariri bai yi ƙwari ba tukuna. A tallafe kansa da zane, kada a rufe masa hanci da baki. Jaririn da aka haifa ƙarami ƙwarai, a ɗaure shi a ƙirji, fata da fata. Likitoci a Bogota ta ƙasar Kolombiya suka fara wannan dabara a 1978, yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya tana koyar da ita.

2. Kujerar mota

A mota kuwa labari ya sha bamban. Da yawa muna tsammani hannun uwa ya isa. Bai isa ba. Sabon jariri yana da nauyin kilo 3 ko kusa da haka. Amma in mota tana gudun kilomita 50 a awa ta yi karo, zai fizge daga hannun uwarsa da ƙarfi kamar na buhun gero. Wace mace za ta iya tare buhun gero da aka jefa? In kuwa goye yake a baya, nauyin uwar ne zai danne shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar nan tana rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da wajen kashi 70 cikin 100.

Ga abin da za mu duba wajen saye:

(a) Ta zama ta sabon jariri, wadda yake kwance a kishingiɗe, fuskarsa tana duban bayan mota. Haka bayan kujerar zai tare kansa da wuyansa.
(b) A gwada ta a motar da za a riƙa shiga, a ga bel ya kama ta, ba ta girgiza.
(c) In ta gwanjo ce, a duba kada ta kasance da tsaguwa, maɗaurinta kuma yana kullewa sosai. Wadda ta taɓa shiga haɗari, a bar ta.
(d) Wurinta a kujerar baya ne kullum. Jakar iskar da take gaban wadansu motoci tana iya kashe jariri in ta fashe.

Kujerar nan ta tafiya ce, ba gadon barci ba ce. In tafiya ta yi nisa, a tsaya a fito da shi ya sha nono. Kada a bar shi a rufaffiyar mota ko na minti kaɗan, musamman da bazara.

3. In babu mota fa?

Babur shi ne mafi hatsari ga mai jego da jaririnta, gama rairayi yana kayar da shi. In tafiyar gajeriya ce, amalanke da shimfiɗa da inuwa ya fi. In ya zama tilas a hau babur, a ɗaure jariri a ƙirji, kada a ɗauki wani mutum ko kaya, a tafi sannu. A guji motocin ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, waɗanda ake cika su da mutane da awaki.

4. Aikin ƙungiya

Gida ɗaya ba lalle ya iya sayen kujera ba, jariri kuma yakan girme ta cikin shekara guda ko fiye kaɗan. Amma yadda muke haɗa kuɗi mu sayi garma ko famfon feshi, haka za mu iya sayen kujera ɗaya. Ma'aji ya ajiye ta. Mu kuma shirya da direba ɗaya da muka amince da shi tun kafin naƙuda ta zo, domin ranar komowa gida daga asibitin Gumel ko na kusa da mu. Kuɗin keke kuwa, gara a sayi gidan sauro da abincin mai jego.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Da me aka komo da jaririn da aka haifa na ƙarshe a ƙauyenmu?
2. Mata nawa ne a gidajen 'yan ƙungiyarmu suke jiran haihuwa bana?
3. Nawa kowa zai bayar, wa kuma za mu aika ya tambayo farashi kafin taro mai zuwa?