Idon Mai Raba Ƙwallo

A wasan ƙwallon kwando kowane ɓangare mutum biyar ne, amma ɗaya ke riƙe da ragama. Shi ake kira mai raba ƙwallo. Shi ke ɗauko ta daga baya, ya zaɓi wanda zai miƙa wa. Doka ta ba 'yan ɓangarensa daƙiƙa 8 su ƙetare tsakiyar fili, 24 kuma su jefa kwando. In ya sunkuya yana kallon ƙwallo, kafin ya ɗago an riga an tare abokin da ya sami sarari.

Saboda haka darasi na farko shi ne hannu ya iya aikinsa ba da taimakon ido ba. Yaro ya riƙa buga ƙwallo da ƙasa kullum, dama da hagu, kansa a ɗage. Na biyu, ya koyi miƙawa iri-iri: daga ƙirji, ta bisa kai, da wadda ke dukan ƙasa ta tashi. Na uku, ya yawaita wasan mutum uku-uku, don ya saba da yanke shawara nan take. In abokinsa na gudu, ya jefa inda zai isa, ba inda yake ba.

John Stockton na Amurka bai cika tsawo ba, amma daga 1984 zuwa 2003 ya miƙa ƙwallon da aka ci sau 15,806 a gasar NBA. To, iyaye, kada ku ƙirga kwandon da ɗanku ya ci kaɗai. Ku duba nawa ya sa aka ci, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.