Yadda Ake Haɗa Rigar Fanka ta Ma'aikatan Japan

Wanda ya ratsa Tokyo a watan Agusta zai ga magina da masu gadi sanye da wata riga da ta kumbura tamkar balan-balan. Ƙananan fankoki biyu ne ke hura ta. Hiroshi Ichigaya, tsohon injiniyan Sony, shi ya ƙirƙiro ta, kamfaninsa Kuchofuku kuma ya fara sayar da ita a 2004. Rigar ba ta kawo sanyi daga ko'ina. Gumi take busarwa, bushewar kuma ita ke kwashe zafin jiki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa idan ta tsatso ta sha iska. Don haka aikin ɗinkin duka na sarrafa hanyar iska ne.

Da farko a zaɓi yadi mara nauyi mai matsattsiyar saƙa, irin na nailan ko foliyesta, wanda iska ba ta ratsa shi. Mai aikin walda kuwa sai auduga, domin tartsatsi yana narkar da nailan. A yanka rigar da yalwa, yadda iska za ta sami wurin zagayawa.

Sai a huda ramuka biyu zagayayyu, kowanne kimanin santimita 9, a ƙasan baya, ɗaya dama ɗaya hagu. A ƙarfafa bakinsu da ƙarin ƙyalle, don kada nauyin fanka ya yage su.

Daga nan a zura roba a ƙugu ta kama jiki sosai. Nan ne tela ke yawan kuskure: idan ƙugu ya saki, iskar za ta zurare ta ƙasa ba tare da ta taɓa baya ko ƙirji ba. Wuya da bakin hannu su ake bari a sake, domin ta nan iskar za ta fita ɗauke da danshi. Akan ɗinka wata 'yar igiya a cikin kwala, wadda in an ɗaure ta sai bayan wuyan ya ɗaga, iska ta bi ta ƙeya.

Sannan a zura kowace fanka a raminta daga waje, a murɗa zobenta daga ciki, a tabbata tana jawo iska zuwa jiki. A haɗa wayoyin biyu da batirin caji da ke aljihun ciki. Batirin yana da maɓallin ƙara gudu ko rage shi, wasu na zamani ma ta wayar hannu ake sarrafa su.

Wajen sawa, a fara da 'yar shimi mai kama jiki da saurin bushewa, a ja zif har sama, sannan a kunna. Gudu matsakaici ya fi barin caji ya kai yamma.

A irin zafin bazararmu, inda ma'auni kan haura digiri 40, iskar da fanka ke jawowa ta fi jiki zafi, kuma da gumi ya ƙafe rigar ta zama tanda. Shi ya sa wasu ke sa 'yar ciki mai aljihunan ƙanƙara a ƙarƙashinta, kuma dole a riƙa kurɓar ruwa a kai a kai. Idan an tashi aiki, a cire fankoki da batir kafin wanki, a goge ƙurar da ta taru a fukafukan, a sa caji don gobe.