Mota Ba Ta Shan Ruwa: Darasi a Kan Yoyon Lagireto

An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu na ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda aka danƙa wa amanar motar aiki, ko ta ofis, ko ta ɗaukar marasa lafiya, ko wadda jama'ar gari suka haɗa kuɗi suka saya. Ba ana nufin hakimi ya zama makanike ba ne. Abin da ake so shi ne ya san abin da zai tambayi direba, malami kuma ya san abin da zai rubuta.

Dalilin Darasin

1. Tun 1987 da aka yanke Jihar Katsina daga Kaduna, yawancin al'amuran mulki na wannan yanki a birnin Katsina ake gama su, kuma tafiyar ba kusa ba ce. Mutumin Sabuwa sai ya bi ta Dandume ya faɗa Funtuwa tukuna. Ƙasar Faskari hanyar Funtuwa zuwa Gusau ce ta ratsa ta, ta Sheme da 'Yankara. Na Ƙanƙara kuwa yakan bi ta Dutsin-ma. Dukan ƙasashen nan uku suna bakin daji ne, kuma kowa ya san wahalar tsaro da suka sha a shekarun nan. Saboda haka motar da ta tsaya a tsakanin gari da gari, rana tana shirin faɗuwa, da mace mai naƙuda a ciki ko takardun hukuma, ba asarar kuɗi kaɗai ta jawo ba, rayuka ne aka ajiye a bakin hanya.

2. Cikin abubuwan da ke tsai da mota a hanya, yoyon ruwan inji yana cikin masu saurin ganewa tun a gida. Amma an saba jin direba yana cewa, "Ranka ya daɗe, ai motar nan haka take, tana shan ruwa." Wannan magana kuskure ce. Mota mai take sha, ba ta shan ruwa. Idan ruwa ya ragu, lalle akwai inda ya fita.

Yadda Ruwa Ke Aiki a Cikin Inji

3. Inji wuta yake ci a cikinsa, domin mai ne ke ƙonewa a kowace silinda. Don kada ƙarfe ya yi zafin da zai lalace, an yi wa injin hanyoyi a jikinsa inda ruwa ke zagayawa. Famfon ruwa, wanda makanikai ke kira watafam, shi ke tura ruwan. Ruwa ya kwashi zafi, ya bi ta tiyon sama ya shiga lagireto, iskar tafiya da ta fanka su fifita shi, sa'an nan ya koma inji ta tiyon ƙasa. Haka yake ta kewayawa, ruwa ɗaya ne, ba ya ƙarewa.

4. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yakan tafasa a wajen digiri 100. Injin mota kuwa yakan yi aiki a wajen digiri 90, watau dab da tafasa. Abin da ke hana shi tafasa shi ne murfin lagireto, wanda ke matse ruwan a ciki. A bisa murfin akwai lamba, galibi 0.9 ko 1.1, ita ce ma'aunin matsewar. Da wannan matsewa ruwa yakan kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. To, da zarar an sami ƙofa ko da kamar ta allura ce, ruwa zai riƙa tsartuwa, matsewar ta ragu, sauran ruwan kuma ya yi saurin tafasa. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafin rana ke kusantar digiri 40, ƙaramin yoyo yakan zama babba cikin tafiya ɗaya.

Aikin Malami

5. Gano yoyo daga littafi yake farawa. Malami ya buɗe shafi a littafin mota, ya ja layi huɗu: kwanan wata, lambar tafiya da agogon mota ya nuna, yawan ruwan da aka ƙara, da sa hannun direba. Kowace safiya, kafin a ta da inji, direba ya duba robar ajiyar ruwa da ke haɗe da lagireto. Tana da zane biyu, na sama da na ƙasa, ruwa kuma a tsakaninsu ake son ya tsaya. In an ƙara, a auna da kwalbar da aka san girmanta, a rubuta.

6. Ga misali. A ce littafi ya nuna an ƙara rabin lita ran Litinin, an ƙara rabi ran Alhamis, an sake ƙara lita guda ran Asabar. Lita 2 ke nan cikin mako ɗaya, kuma abin gaba yake yi. Malami ba ya bukatar ya taɓa sifana kafin ya gane wannan mota ba ta cancanci tafiya Katsina ba sai an duba ta. Lafiyayyar mota takan yi watanni ba a ƙara mata kome ba.

Neman Inda Ruwa Ke Fita

7. Da dare a ajiye mota a busasshen wuri mai lebur, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin. Da safe a duba. Ruwan sanyaya inji na kanti yana da launi, kore ko ja ko shuɗi, yana da santsi a yatsa da ƙanshi mai zaƙi-zaƙi. Baƙin mai baƙi ne mai kauri. Farin ruwa tas da ke ɗiga bayan an kunna na'urar sanyaya ɗaki ba laifi ba ne. Inda ɗigon ya faɗa a kan kwali, a ɗaga kai a bi sawunsa zuwa sama da tocila, gama ruwa yakan gangara nesa da inda ya fito. Motoci irin su Toyota Hiace da yawa injinsu a ƙarƙashin kujerar gaba yake, sai an ɗaga kujerar za a gani sosai.

8. Wuraren da za a bincika, daga mai arha zuwa mai tsada, su ne:

(a) Murfin lagireto. Idan robar bakinsa ta tsage ko ta bushe, ba ya riƙe matsewa, ruwa sai ya riƙa fita kamar tururi ba a ganin ɗigo.

(b) Tiyo da ƙarfen da ke ɗaure bakinsa. Inji yana sanyi, a matsa tiyo da hannu. Wanda ya yi laushi tiɓis, ko ya kumbura, ko ya bushe yana tsattsagewa, kwanansa ya ƙare. Farin gari ko tsatsa a bakin tiyo alamar tsohon yoyo ce.

(c) Lagireto kansa. A duba inda kan roba ya haɗu da jikin ƙarfe, da inda tsakuwa ta buga. A ƙasar noma irin wannan, ƙaiƙayi da audugar da iska ke kwasowa da kaka, da laka da damina, sukan toshe idanun lagireto, inji ya yi zafi ya amayar da ruwa ko babu huda. A wanke su da ruwa a hankali, kada a soka ƙarfe.

(d) Famfon ruwa. Yana da ɗan rami a ƙasansa. Ɗigo daga ramin nan, ko ƙara kamar ta niƙa, ya nuna famfon ya gaji. A duba bel ɗin da ke juya shi kuma.

(e) Hitar ɗaki. Motocin da aka ƙera domin ƙasashen sanyi suna da ƙaramin lagireto na ɗumama fasinja, waɗansu har da bututu da ya bi ƙarƙashin mota zuwa baya. Ba a cika amfani da shi a nan ba, saboda haka akan manta da shi har ya ruɓe. Jiƙewar shimfiɗar ƙafa ta gaba alamarsa ce.

9. In an duba duk ba a ga kome ba, a kai mota wurin makaniken da ke da famfon gwaji. Zai ɗaura shi a bakin lagireto, inji a kashe yana sanyi, ya hura har allura ta kai lambar da ke bisa murfi, ya jira kamar minti 15. Idan allura ta sauka, akwai yoyo, kuma sau da yawa a lokacin ake ganinsa yana tsartuwa.

10. Yoyo mafi muni shi ne na ciki, sa'ad da gasket da ke tsakanin kan inji da jikinsa ya ƙone. Alamunsa uku ne: farin hayaƙi mai kauri daga salansa ko bayan inji ya ɗumama, baƙin mai ya koma kamar shayi mai madara, da kumfa tana tasowa a cikin robar ruwa inji yana aiki. Motar da ta nuna haka a kashe ta, kada ta ƙara taku ɗaya.

Gyara

11. Murfi a sayi sabo mai lamba daidai da wadda littafin motar ya faɗa. Tiyo a sauya shi dungum tare da maɗaurinsa, ba a naɗe shi da robar taya a ce an gyara. Lagireton tagulla mai gyaran lagireto yana iya like shi da dalma, amma na roba da alminiyam idan ya tsage, sauyawa ta fi. Famfon ruwa sauya shi ake yi. Gasket kuwa aikin ƙwararre ne, kuma tilas a auna kan injin a ga ko zafi ya lanƙwasa shi kafin a mayar.

12. Bayan gyara a wanke cikin lagireto, a zuba ruwan sanyaya inji irin wanda littafin motar ya ambata. Akwai wanda aka riga aka haɗa, akwai kuma mai kauri da ake sirka shi rabi da rabi da tataccen ruwa. Yana hana tsatsa, yana kuma jinkirta tafasa. Ruwan rijiya ko na rafi yakan bar ƙasa da ɓawo a ciki, kamar yadda ake gani a gindin tsohuwar butar shayi, har hanyoyin su toshe. Sa'an nan a bar inji ya yi aiki har ya ɗumama domin iskar da ta maƙale ta fita, a bari ya huce, a cika zuwa zane. Malami ya ci gaba da rubutu har mako biyu. Littafi ne zai shaida ko gyaran ya yi.

Abubuwan da Aka Hana

13. Kada a zuba sabulu ko ƙwai ko gari a lagireto don toshe huda. Abin da ya toshe huda zai toshe hanyar ruwa ma.

14. Kada a yarda makanike ya cire tamostat ya yar, wai don ƙasarmu ƙasar zafi ce. Tamostat ƙofa ce da ke buɗewa idan ruwa ya kai wajen digiri 80, ita ke riƙe inji a zafin da ya dace. In ta lalace a sa sabuwa. Cire ta ba ya toshe yoyo, ɓoye shi kawai yake yi, inji kuma ya ƙara cin mai.

15. Ruwan sanyaya inji guba ne. Yana da zaƙi, yara da awaki da kaji suna iya sha, kuma yana lalata ƙoda. Kada a ajiye shi a kwalbar lemo, kada a zubar kusa da rijiya. Wanda ya sha a garzaya da shi asibiti nan take, ko bai nuna alamar ciwo ba.

Idan Abin ya Faru a Hanya

16. Allurar zafi ta doshi ja, direba ya kashe na'urar sanyi, ya nemi wuri mafi kusa da mutane ya tsaya, ya kashe inji. Kada ya buɗe murfin lagireto, domin ruwan da ke matse zai yi tsalle ya saɓule masa fuska da hannu. Ya jira aƙalla rabin sa'a, sa'an nan ya rufa tsumma mai kauri ya murɗa kaɗan, huci ya fita tukuna. Kada ya kwara ruwan sanyi a inji mai zafi, ƙarfe yana iya tsagewa. In ya huce ya cika, ya tafi a hankali zuwa gari na gaba, idonsa a kan allura. A irin wannan larura kowane ruwa mai tsabta ya yi, amma a juye shi a gareji daga baya. Malami kuma ya sanar da dagacin wurin ta waya. Kowace mota ta riƙa tafiya da jarkar ruwa, da tiyo na ajiya, da maɗauri, da sukundireba, da tocila.

Tambayoyin Hakimi

17. Kafin mota ta bar ƙofar gida, hakimi ya sa a amsa masa tambayoyi uku. Yaushe aka ƙara ruwa na ƙarshe, kuma nawa? Me aka gani a kan kwali yau da safe? Za a isa kafin la'asar? Idan amsar ɗaya ba ta gamsar ba, a ɗaga tafiyar ko a nemi wata mota. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuma direban da ya kawo rahoton yoyo da kansa yabo ya cancanta, gama in aka saba yi masa faɗa, gobe shiru zai yi ya ci gaba da ƙara ruwa a ɓoye.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Amin.