Awon Ƙarfin Ƙashi: Darasi Domin Iyayenmu

'Yan'uwa, a Dutsin-Ma da Kurfi mun saba gani: tsohuwa ta zame a bakin rijiya, wuyan hannu ko kwatangwalo ya karye, sai mu garzaya da ita wurin mai ɗori. Ko da ƙashin ya haɗu, ba mu cika tambaya ba, me ya sa 'yar faɗuwa kaɗan ta karya shi? Sau da yawa dalilin shi ne zaizayewar ƙashi, cutar da ke cin ƙashi a ɓoye, babu zafi, musamman bayan mace ta daina haila.

Hoton ƙashi da muka sani ba ya nuna ta sai ta yi nisa. Na'urar DEXA, wadda ta fito a 1987, ita ke gano ta da wuri. Mutum yakan kwanta kamar minti 15, a auna kwatangwalo da ƙashin baya. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da ma'auni: maki -2.5 ko ƙasa da haka, cutar ta tabbata. Mai shan magani akan sake auna shi bayan kamar shekara biyu.

Uwar da tsawonta ya ragu, ko ta daɗe tana shan prednisolone, mu kai ta ga likita, mu tambayi inda ake yin wannan awo.