Aikin Ofis da Aikin Tsabtar Gari a Ƙasar Gwaram da Birnin Kudu

Wannan darasi an shirya shi ne domin samari da 'yan mata waɗanda suka gama makaranta suna neman abin yi, da iyayen da ke yi musu shawara. Zai yi bayani a kan ayyuka iri biyu: aikin taimako a ofis, watau na akawu da masinja da mai gadi, da kuma aikin kwashe shara. Lalle ne mai neman aiki ya san wace ƙofa ce ta ke ƙuncewa, wace ce kuma ta ke buɗewa.

Zamanin En'e

A dā Gwaram da Birnin Kudu gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Kano. Hakimi yana da malamansa masu rubuta haraji da jangali, alkali yana da muhutinsa, akwai kuma duba-gari wanda ke shiga gida gida yana leƙa randa da masai. Masu ilmin boko kaɗan ne, saboda haka wanda duk ya iya karatu da rubutu da lissafi ba ya daɗewa bai sami aiki ba.

Shara kuwa ba ta zama damuwa ba a lokacin nan, gama yawancinta toka ce da kashin dabbobi da ƙaiƙayi. Manomi da kansa ya kan zo da jaki da mangala ya kwashe juji ya kai gona domin taki.

Yadda al'amura suka sāke

A 1976 aka soke tsarin En'e, aka kafa ƙananan hukumomi. Ran 27 ga Agusta 1991 aka yanki Jihar Jigawa daga Jihar Kano, aka mai da Dutse babban birninta, yanzu kuma tana da ƙananan hukumomi 27. Ko wane sabon ofis sai da ya nemi akawu da masu buga tafireta da direbobi, aikin ofis ya yawaita ƙwarai.

Amma abubuwa uku sun rage wannan yalwa. Na farko, kwamfuta da wayar hannu: takardar da a dā sai an buga ta da tafireta an ba masinja, yau mutum guda ya kan rubuta ta ya aika nan take. Na biyu, Gwamnatin Tarayya ta soma janye hannunta daga ɗaukar masu shara da masu gadi, tana ba 'yan kwangila aikin. Na uku, masu takardar shaida sun ninka guraben da a ke da su.

Aikin shara yana ƙaruwa

A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar Gwaram sun haura 270,000, na Birnin Kudu kuwa sun haura 300,000, sun kuma ƙaru tun daga nan. Inda mutane suka yawaita shara ta kan yawaita, balle a wurin hada-hada kamar kasuwar Sara. Har wa yau sharar ta sāke kama. Leda da robobi ba su ruɓewa, ba su zama taki. Su kan toshe magudanar ruwa da damina, dabba kuma in ta haɗiye su ta kan rame ta mutu.

Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin kwashe shara da kula da kasuwa da tasha da mahauta. Jiha kuma tana da hukumarta ta kiyaye muhalli, JISEPA. A 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko a Nijeriya da aka shaida ta daina bahaya a fili. Riƙon wannan matsayi yana bukatar magina masai, da masu yashe su, da masu duba su. Ban da waɗannan akwai 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe da roba su kai wa manyan dillalai.

Shawara ga mai neman aiki

Mai son aikin ofis ya koyi kwamfuta da riƙon lissafin kuɗi. Mai son aikin duba-gari ya nemi shiga makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun. Wanda ɗan kwangila ya ɗauka ya nemi a rubuta masa sharuɗɗan aiki, ya kuma sani cewa dokar 2024 ta yanke mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a wata, ko da ya ke ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Mai kwasar shara kada ya yi aiki ba safar hannu da takalmi, musamman kusa da asibiti, inda a ke zubar da allurai.

Iyaye kuma kada su hana ɗa wannan sana'a don gudun gori. Wanda ya kwashe juji daga bakin rijiya ya tsare unguwa daga cutar amai da gudawa.

Tambayoyi

1. Faɗi abubuwa uku da suka rage aikin ofis.
2. Don me manomi ba ya murna da jujin yau?
3. Wa doka ta ɗora wa nauyin kwashe shara a garinku?