Haɗarin Mota da Maye: Mota ce ko Direba?

A ƙarshen shekarar 2023 wani kamfani na ƙasar Amurka mai suna LendingTree ya fitar da ƙididdiga wadda ta jawo surutu ƙwarai. Ya tattara bayanin da masu motoci suka bayar da kansu sa'ad da suke neman farashin inshora, ya kasa su bisa ga irin motar da kowa yake tuƙawa, iri 30, kana ya duba laifin da aka rubuta wa kowane kashi cikin shekara guda.

Wajen haɗari, masu Tesla, watau motar nan mai aiki da lantarki, su ne kan gaba: haɗari wajen 24 ga kowane direba 1,000. Masu Ram, wadda a-kori-kura ce babba, suna biye da wajen 23, sa'an nan masu Subaru da wajen 21. Amma da aka juya ga tuƙi cikin maye sai jerin ya sake. Masu BMW suka wuce kowa, da laifi 3 da 'yan kai ga direba 1,000, kusan ninkin na masu Ram da suka zo na biyu.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya yi hankali. Wanda ya ji wannan da gaggawa sai ya ce lalle wata mota tana da aibi. Alhali kuwa mutane aka ƙidaya, ba a buɗe injin ko ɗaya ba, ba a kuma gwada birki ba. Mota ba ta shan barasa. Kowane iri yana da masu sayensa: wani samari ne masu son gudu suka fi nemansa, wani magidanta, wani kuwa masu doguwar tafiya kullum, waɗanda yawan zamansu bisa hanya kaɗai ya isa ya ƙara musu haɗari. Har ila yau, mutum yana iya yin laifinsa da wata mota dabam, a rubuta shi ƙarƙashin wadda ya zo yi wa inshora.

Ƙarshen jerin ma abin lura ne. Waɗanda suka fi ƙarancin haɗari su ne masu Pontiac, da Mercury, da Saturn, duka ƙasa da 10 ga direba 1,000. Ukun nan kuwa an daina ƙera su tun wajen 2010 zuwa 2011. Ba mai cewa tsohuwar mota ta fi sabuwa kayan tsaro, sai dai a nemi dalilin wurin masu riƙe da ita da yadda suke tuƙi.

Maye kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne a can. Dokar jihohin Amurka ta hana tuƙi idan barasa ta kai 0.08 cikin ɗari a jini, jihar Yuta ma ta rage nata zuwa 0.05 a ƙarshen 2018. Duk da haka, a 2022 mutum fiye da 13,000 suka mutu a haɗarin da akwai direba mai maye a ciki, kusan sulusin duk waɗanda hanya ta ci a shekarar.